Kafin Ku Buɗe Zare Na Biyu

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya zauna ajin ilimin kwamfuta a cikinku, ko a makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa ne, ko a Ngaundere, ko a wata cibiyar koyon sana'a a Garwa, akwai tambayar da ba za ta ƙetare shi ba: mene ne bambancin furoses da turedi, wanda za mu kira zare a nan? Na san yadda kuke amsa ta. A ja layi a tsakiyar takarda, a rubuta "mai nauyi" a gefe guda, "marar nauyi" a ɗaya gefen, a ƙara abu huɗu ko biyar da aka haddace daren jiya, malam ya ba da maki, a fito a manta. Makin halal ne, ban hana ku ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai san abin da aka tambaye shi ba. Ainihin tambayar ita ce: me aka yi tarayya a kai, kuma idan abin ya lalace, wa zai kwana a ciki?

Bari mu fara daga tushe. Manhajar da ke ajiye a wayarku fayil ce kawai, ba ta motsi. Da zarar an taɓa ta, babbar manhaja, wato Android ko Windows ko Linux, sai ta gina mata furoses: ta ba shi lamba, ta yanka masa fili a cikin ram, ta buɗe masa rajistar fayilolin da yake riƙe da su, ta rubuta abin da aka yarda ya taɓa da wanda ba a yarda ba. Furoses ke nan, wuri da kaya da izini. Amma wuri ba ya aiki da kansa. Mai bin umarnin manhajar layi bayan layi shi ne zare. Kowane furoses da zare ɗaya yake tashi, daga baya yana iya buɗe goma ko ɗari. Abin da kowane zare ya mallaka shi kaɗai kaɗan ne: alamar inda ya tsaya a karatun umarni, 'yan lambobin da ke hannunsa a lokacin, da ɗan allon da yake lissafin wucin gadi a kai. Duk sauran kayan na kowa ne.

Ku dubi gidajenmu na Dougoï. Furoses gida ne mai katanga da ƙofarsa, zaruruwa kuma mutanen gidan ne. Rumbu ɗaya gare su, madafa ɗaya, randa ɗaya. Mai son gishiri ba sai ya yi sallama ba, hannu kawai zai miƙa, shi ya sa aiki ke sauri a tsakaninsu. Maƙwabci kuwa sai an aika yaro ya zagaya ta ƙofa, ya yi sallama, ya jira. Amma ranar da wani ɗan gidan ya bar garwashi kusa da rumbu, babu wanda zai tsira da hatsinsa a gidan, alhali maƙwabci na barcinsa lafiya.

Wannan katanga ba ta fatar baki ba ce, a cikin ƙarfen na'urar take. Adireshin da furoses ke gani a ram ba na gaskiya ba ne. Akwai sashe a injin lissafi da ke fassara shi zuwa ainihin wurin, bisa jadawalin da babbar manhaja ta rubuta wa wannan furoses shi kaɗai. Furoses biyu suna iya ambaton adireshi iri ɗaya, kowanne ya sauka a wuri daban. Wanda ya miƙa hannu inda ba a ba shi ba, nan take za a kashe shi, sauran su ci gaba da harkarsu. Tsakanin zaruruwan furoses ɗaya kuwa babu mai tsaro ko ɗaya. Zare ɗaya ya yi wannan kuskuren, dukansu ne za su tafi tare.

Wani abin da takardar haddarku ba ta faɗa muku ba: Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda kuma ita ce ƙashin bayan kowace wayar Android da ke aljihunku, ba ta ɗauki waɗannan biyun a matsayin halittu daban-daban ba. A wurinta duka ayyuka ne da take raba wa lokaci. Kira ɗaya ne, mai suna clone, ke haifar da su, kuma mai kiran ne ke zaɓar abin da za a raba: ram, fayiloli, ko babu komai. In an raba kusan komai, mu ce zare. In ba a raba ba, mu ce furoses. Tarihi ma haka ya nuna. Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969 da furoses ta rayu shekaru masu yawa, tana haifar da sabo ta hanyar fork, wato furoses ya kwafi kansa. Ƙa'idar zaruruwa ta POSIX sai a 1995 ta fito.

To me ya sa aka damu da zare, tunda katanga ta fi aminci? Don katanga da tsada take. Gina sabon furoses ya fi buɗe zare cin lokaci da ram. Sauyawa daga wani furoses zuwa wani na buƙatar sauya jadawalin adireshi, abin da ba a yi tsakanin zaruruwan furoses ɗaya. Aika saƙo tsakanin furoses biyu kuma sai ya bi ta hannun babbar manhaja, sau da yawa sai an kwafe shi. Ga kuma abin da ya faru wajen 2005: masu ƙera injin lissafi suka ga ƙara masa gudu ya fara gagara saboda zafi, sai suka koma ƙara masa zukata, wato sassan da kowanne ke iya bin umarni shi kaɗai. Yau ƙaramar Tecno ko Infinix ta kasuwa tana zuwa da zukata takwas. Zare ɗaya kuwa zuciya ɗaya kawai yake iya hawa a lokaci guda. Manhajar da ba ta raba aikinta ba, bakwai na zaune tana wahalar da ɗaya.

Yanzu ku zo mu tsaya gaban teburin mai gyaran waya a bakin titi, irin wanda ke da gilashi a sama, matattun batura a ƙasa, da tsohon buroshin haƙori a cikin kwalbar sifirit. Dattijo ya miƙo wayarsa, fuskar duk ta tsage, ya ce ta sanƙare tun safe. A kan fuskar ga ɗan akwati da Faransanci yana cewa manhajar ba ta amsawa, a jira ko a rufe. Mai gyara ya danna rufe, ya share wasu hotuna, ya ce, "Baba, ram ne ya cika." Baba ya biya ya tafi. Wataƙila ram ɗin ya cika da gaske, amma wannan akwatin ba maganar ram yake yi ba. A Android kowace manhaja tana da babban zare guda, shi ke zana abin da ido ke gani, shi ke amsa yatsa. Don hoto ya tafi sumul, sau 60 ake sabunta fuskar a daƙiƙa ɗaya, wato kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ke gare shi a kowane zagaye. Idan aka taɓa fuskar ya yi daƙiƙa 5 bai amsa ba, Android za ta fito da wancan akwati. Galibi abin da ya faru shi ne wani mai rubuta manhaja, a wani gari mai intanet kamar ruwan famfo, ya ɗora wa babban zare aikin jira: jiran fayil, jiran rumbun bayanai, jiran wani zare da shi ma amsar intanet yake jira. A wayarsa abin ƙiftawar ido ne. A hanyar Mokolo, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai ya zama minti guda. Tun Android 3.0 a 2011 aka hana taɓa intanet kai tsaye daga babban zare, manhajar da ta gwada faɗuwa take yi, amma hanyoyin ɗaure shi ta bayan gida ba su ƙare ba.

Nasihata ta farko ke nan, kuma a nan zare wajibi ne: duk aikin da zai jira wani abu, ku ɗauke shi daga babban zare. Ku ne kuka san yadda sabis yake a garuruwanmu, bai kamata a kama ku da laifin da ake yi don rashin sani ba.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce ma dalilin rubutun nan. Na lura yaro na koyon buɗe zare, sai ya ga kamar ya samu bulalar ƙara gudu, ko'ina sai ya zuba. A ce an ba ku aikin rubuta manhajar adashe ta matan unguwa. Asusu na da sefa 10,000. Buƙatu biyu suka shigo lokaci ɗaya, kowacce na son cire 7,000, kowacce da zarenta. Na farko ya duba asusu, ya ga 10,000, ya ce ya isa. Kafin ya rubuta sabon lissafi, mai rabon lokaci na babbar manhaja ya dakatar da shi, don ba ya shawara da kowa, ya ba na biyu dama. Na biyu ya duba, shi ma 10,000 ya gani, ya cire, ya rubuta 3,000. Na farko ya farka daga inda ya tsaya, ya cire nasa, ya rubuta 3,000. An fitar da 14,000 daga asusun 10,000, littafi kuma na cewa saura 3,000. Ku karanta umarnin layi-layi, ba za ku ga kuskure ba, don kowane zare daidai ya yi. Kuskuren a tsakaninsu yake. Wannan shi ne rige-rige, kuma mugun halinsa shi ne ba ya zuwa kullum. A gwada sau dubu lafiya, ranar da aka raba kuɗin Sallah ya bayyana, a tara mata a tsakar gida ana rantse-rantse, a zargi mai riƙon kuɗi da abin da ba ta ci ba.

Kada ku ɗauka ƙananan masu koyo kaɗai yake kamawa. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin Kanada, ta zuba wa aƙalla marasa lafiya shida hasken da ya ninka ƙa'ida sau da yawa, wasunsu suka rasu. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa ɗaya daga cikin musabbaban shi ne ayyuka da ke gudu tare a cikin na'urar suna tarayya a kan bayanai ba tare da tsari ba. Idan ma'aikaciya ta gyara abin da ta shigar cikin 'yan daƙiƙu, kafin na'urar ta gama saita kanta, sai wani ɓangare ya ga gyaran, wani bai gani ba. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne ƙwarewa ce ke tono matsalar: sabon ma'aikaci mai laluben madannai ba ya kaiwa gare ta, sai wanda hannunsa ya faɗa. Na'urar da ta gabace ta tana da makarin ƙarfe da ke hana irin wannan ko da manhaja ta yi kuskure. A sabuwar aka cire, aka dogara da manhaja kaɗai. Haka kuma a ranar 14 ga Agusta 2003, lokacin da wuta ta ɗauke wa mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada, rige-rige ne ya sanƙarar da manhajar ƙararrawa a wani ɗakin kula da layukan wuta a jihar Ohayo, ma'aikata suka yi fiye da awa guda ba su san layuka na faɗuwa ba. Mu da muka saba lissafin wuta da yawan ruwan dam ɗin Lagdo muna iya murmushi, amma su ba ƙarancin ruwa ne ya jefa su duhu ba.

Maganin da littafi zai ba ku shi ne makulli: kafin zare ya taɓa abin tarayya ya kulle, in ya gama ya buɗe, saura su jira. Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya shimfiɗa tushen wannan tun 1965. Yana aiki, amma da nasa ciwon. Zare na farko ya riƙe makullin asusun Hajiya yana jiran na asusun Inna, na biyu ya riƙe na Inna yana jiran na Hajiya. Sai a yi cirko-cirko, babu mai saki, babu mai wucewa, babu kuma saƙon kuskure da zai nuna muku inda aka tsaya. Dokar kauce wa wannan gajeriya ce: in dole a riƙe makulli biyu, kowa ya ɗauke su bisa jeri ɗaya, misali ƙaramar lambar asusu kafin babba. Kuma in kun cika makullai ko'ina don tsoro, zaruruwanku za su koma layi ɗaya suna jiran juna, ga wahalar zare, babu ribarsa. A maganar kuɗi ma, shawarata ita ce kada ku ƙirƙiri makullinku. Ku bar wa rumbun bayanai irin su PostgreSQL ko SQLite, ku sa dubawa da cirewa cikin ma'amala guda da ko dai ta kammala gaba ɗaya ko a soke ta gaba ɗaya, ku kuma sa rumbun ya kulle asusun har ta ƙare. Shekaru aka yi ana gyara waɗannan, ku kuwa jiya kuka fara.

Ku lura da inda manya suka karkata da suka ga wuya. Da Google ta fito da Chrome a Satumban 2008, babban abin da ta yi alfahari da shi shi ne raba shafuka zuwa furoses daban-daban, don shafi ɗaya in ya mutu kada ya ja saura. Bayan an bayyana raunin Spectre a farkon 2018, wanda ya nuna cewa umarnin da ke cikin furoses na iya leƙen duk abin da ke cikin wannan furoses ɗin, sai suka ƙara tsananta rabuwar, kowane gidan yanar gizo da nasa, suka kuma faɗa da bakinsu cewa hakan na ƙara cin ram da kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Sun ga farashin, suka biya. In kuna da Chrome a kwamfuta, ku danna Shift da Esc tare ku ga jerin da idonku. Android ita ma kowace manhaja furoses ɗinta daban, har da lambar mai amfani daban, shi ya sa wasan da yaro ya sauke ba ya iya karanta abin da ke cikin manhajar Orange Money ko MoMo ta mahaifiyarsa. Don rage tsadar, akwai wani furoses mai suna Zygote da ke tashi tun kunna waya, ya loda kayan da kowa ke buƙata, duk manhajar da aka buɗe daga jikinsa ake tsago ta, ba a kuma kwafar shafin ram sai ranar da ɗayansu ya yi rubutu a kai. Ban ce furoses ne daidai a ko'ina ba. PostgreSQL na ba kowane mai haɗuwa da shi furoses, MySQL na ba shi zare, dukansu kuma suna riƙe da manyan ayyuka a duniya. Abin da nake cewa shi ne su sun san abin da suka saya da abin da suka bayar.

Ga masu Python, kuma na san ku ne mafi yawa, akwai tarko na musamman. Python ɗin da aka saba da shi yana da wani babban makulli da ke hana zare biyu gudanar da umarnin Python a lokaci ɗaya. Saboda haka in aikinku jira ne, kamar sauko da fayiloli hamsin, zare zai taimaka ƙwarai, don mai jira yana sakin makullin. In kuwa lissafi ne zalla, kamar tace bayanan ruwan sama na shekaru, zare takwas ba za su fi ɗaya ba, wani lokaci ma su fi shi nawa. A nan multiprocessing za ku nema, wato furoses da yawa. Fitowar 3.13 ta Oktoban 2024 ta zo da wani nau'i na gwaji marar wannan makulli, amma ba shi ne ke kan kwamfutar gwanjon da yawancinku ke aiki da ita ba.

Ko an raba aikin daidai, gudun na da iyaka. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke yanke hukunci: in kashi 10 cikin ɗari na aikin dole a yi shi a jere, ko zukata dubu kuka samu ba za ku wuce ninki goma ba. Mu kuma muna da ƙarin iyakar da ba a rubuta a littafi ba. A watan Afrilu a Marwa, zafi na haura digiri 40 a inuwa, kwamfuta na kan tabarma, fankarta cike da ƙurar hunturun da ya wuce. Ku tayar da zukata duka lokaci ɗaya, cikin 'yan mintuna injin zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, batir kuma ya zube. Saboda haka ku auna kafin ku raba, ku sake aunawa bayan kun raba, a kan irin na'urar da mutanenku ke riƙewa, ba a kan ta malaminku ba. Ku tuna kuma cewa a waya mai ram giga 2, Android na kashe furoses ɗin da ke baya ba tare da sallama ba idan wuri ya ƙure, duk zaruruwansa su tafi da abin da ke hannunsu. Abin da mai amfani ya rubuta, ku adana shi tun yana rubutawa.

Duk wannan ba zai zauna muku ba sai kun gani. Wanda ke da Linux ya buɗe tagar umarni ya rubuta top -H, zai ga zaruruwa ɗaya-ɗaya suna hawa suna sauka. Ya leƙa /proc, ya shiga lambar wani furoses, ya buɗe task, ya ƙirga. Sannan ku rubuta ɗan shiri da harshen C: lamba guda da ta fara daga sifili, zare biyu, kowanne ya ƙara mata ɗaya sau miliyan. Lissafi ya ce 2,000,000. Ku gudanar da shi sau goma ku rubuta abin da ya fito. Za ku ga lambobi mabambanta, galibi ƙasa da haka, don "ƙara ɗaya" a wurin injin taki uku ne, ɗauko, ƙara, mayar, kuma ɗayan zaren na iya shigowa a tsakani. Ku sa makulli, ku ga lambar ta daidaita, ku kuma duba agogo ku ga nawa ya ci muku. Daga nan ku sake shi da fork maimakon zare, za ku tarar kowane furoses ya ƙirga miliyan ɗinsa shi kaɗai, ɗaya bai san da ɗaya ba, sai kun haɗa musu bututun aika saƙo kafin a tara jimla. In kuma a gwajin farko, ba makulli, kuka ga 2,000,000 cif kowane lokaci, ku duba ko kun haɗa shirin da -O2. Mai fassara, wato manhajar da ke mayar da C umarnin inji, shi ne ya dunƙule ƙari miliyan ya mai da shi ƙari guda, rige-rigen na nan, ƙofarsa ce ta ƙanƙance. Ku mayar da shi -O0 ku sake gwadawa.